Shafin Wucin Gadi ga Jikin Motar Fayiba Kafin Fenti

Jikin motar da aka zuba da fayiba ba ya tsatsa, amma ba a gaggauta yi masa fenti. Fayiba haɗi ne na zaren gilashi da wani ƙaro na sinadari, galibi foliyesta, wanda ake ɗiga wa maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Ana fara shafa wa mazubi kaki don kada aiki ya manne, sai a fesa jelkot, wato fatar waje mai sheƙi da kaurinta bai wuce rabin milimita da yawa ba, sannan a shimfiɗa zaren a jiƙa shi da ƙaro. Cikin 'yan sa'o'i ya sandare, sai dai ƙaron yana ci gaba da nuna da tsukewa a hankali har tsawon makonni, wani lokaci watanni. Idan aka fesa fenti mai tsada a wannan tsakanin, saƙar zaren takan bayyana ta ƙarƙashinsa, bakin kowane gurbin da aka cike kuma ya fito fili.

Fasahar ta daɗe. A 1953 kamfanin Chevrolet ya fitar da Corvette da jikin fayiba, guda 300 a shekarar farko. A 1964 Bruce Meyers na Kalifoniya ya ƙera Meyers Manx, wadda daga baya aka riƙa sayar da jikinta mutum ya ɗora kan ƙashin Volkswagen Beetle da kansa. A Kumasi ba a cika ganin irin wannan mota ta haɗa-da-kanka ba, amma fayiba tana ko'ina: rumfar bayan akori-kura, bamba, fuskar bas da bayanta. Wanda ya tsaya a tashar Race Course, inda aka mayar da direbobi da 'yan kasuwa lokacin da aka fara sake gina kasuwar Kejetia a 2015, zai ga irin waɗannan sassa, wasu da fenti, wasu suna jiran sa. Suame Magazine, matattarar makanikai da masu walda da masu feshi, ba ta da nisa da wurin, kuma can ake kai irin wannan aiki.

Dalilin jira ba na sinadari ba ne kaɗai. Mota takan fara aiki kafin kuɗin fenti ya taru, kuma akwai hikima a bar ta ta yi tafiya a haka, domin girgizar hanya ce ke nuna inda fayiba za ta tsage, musamman gefen ƙofofi da wuraren da aka ɗaure ta da ƙarfe. Gara tsagar ta fito yanzu a gyara.

Zaɓi na farko a lokacin jira, wanda aka fi raina shi, shi ne a bar jelkot yadda yake. Muddin bai fashe ba, ba a kuma ci shi da sanfefa ba, yana tare ruwa fiye da yawancin abin da za a shafa a kansa. Rana za ta dusashe shi ya yi gari-gari, amma wannan lahani ne na sama da sanfefa ke ɗaukewa. Abin da yake bukata shi ne wanki da sabulu. Abin da ba ya so shi ne man goge mota mai silikon, domin silikon yana shiga ƙananan ramuka ya zauna, ranar feshi kuma fenti ya riƙa gudu daga wurin yana barin ɗigo-ɗigo kamar idon kifi. Masu wankin mota a tasha suna shafa irin wannan man da kyakkyawar niyya, don haka wajibi ne mai mota ya hana tun da wuri.

Da zarar an goge layin mazubi, an cike ramuka da fila, zaren ya buɗe, to sai an rufe. A nan yanayin Kumasi yake shiga lissafi. Garin yana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, a damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Buɗaɗɗen zare da fila suna tsotsar laima, laimar da aka rufe da fenti kuwa takan taso ta yi ƙuraje idan rana ta buga.

Faraimar gwangwani mai launin toka, da takwararta da ake sirkawa da tina kawai, su ne mafi araha kuma mafi jawo asara. Ba sa tare ruwa, suna tsukewa, kuma fenti mai ƙarfi idan ya hau kansu yakan jiƙa su ya tayar da su. Faraima mai kauri ta cike ƙananan ramuka, ko ta foliyesta ko ta yuritan, tana da amfani wajen daidaita jiki, sai dai ita ma tana shan laima, ta foliyesta ma ta fi, don haka wurinta cikin gareji ne kwanaki kaɗan kafin fenti.

Wadda ta cancanci a fita titi da ita ita ce faraimar ifoksi mai haɗi biyu. Tana kama fayiba da fila da ƙarfe duka, tana toshe hanyar ruwa. Kafin a fesa ta sai an wanke jikin da ruwa da sabulu, a bi da maganin cire kaki da maiƙo, sannan a ci shi da sanfefa mai lamba 180. Tsarin nan ba a juya shi, domin wanda ya fara da sanfefa ya cusa kakin mazubi cikin ƙarce ne. Shafi biyu sun wadatar. Rauninta hasken rana ne, wanda ke sa samanta yin gari, kuma bayan kwanaki kaɗan, bisa ga abin da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwani, sabon shafi ba ya kama ta sai an sake goge ta da lamba 320 zuwa 400. Idan jiran zai kai shekara, ya fi kyau a ɗora mata siririn shafin fentin yuritan mai araha, wanda daga baya za a goge ya zama shimfiɗa.

Launi ma yana da tasiri. Baƙin shafi yana tara zafi ya hanzarta nunar ƙaro, shi ya sa wasu masu feshi ke shanya jikin a rana da baƙar faraima don duk tsukewar da za ta faru ta faru kafin fenti. Sharaɗin shi ne sassan su kasance a ɗaure a mazauninsu, saboda ƙofa ko murfin inji da aka jingina a bango cikin zafi yakan lanƙwashe ya zauna a haka.

Akwai kuma ledar liƙawa da fentin roba mai ɓantaruwa irin Plasti Dip. Suna ba mota kyan gani nan take, kuma sun dace da jelkot mai santsi. A kan faraima leda ba ta mannewa da kyau, gam ɗinta yana barin saura, robar da aka fesa siririya kuwa ba ta ɓantaruwa salin alin. Cire su da maganin cin fenti haɗari ne, domin yawancinsa yana cin ƙaron fayibar kanta.

Ƙurar fayiba tana sa ƙaiƙayi tana kuma cutar da huhu, maganin daskarar da yuritan yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, don haka ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci bai isa ba, sai takunkumin numfashi na musamman da aka yi don irin wannan aiki. Lokacin da ya fi dacewa da fenti na ƙarshe shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ta bushe, da sharaɗin a yi feshin a rufaffen wuri da aka yayyafa wa ƙasansa ruwa saboda ƙura.