Labarin Jim Gray, Masanin Da Ya Koya Wa Kwamfuta Ƙa'idar Ciniki

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam, noman rani ya zama babbar sana'ar mutanen wannan yanki. Shinkafa da alkama da albasa suna fita mota-mota, tumatir kuwa daga Kwanar Gafan har Ikko. A da falke yakan ɗaura lalitarsa a gindi ya taho. Yanzu kuwa kuɗi da yawa ba su taɓa hannun kowa, ta waya suke tafiya daga banki zuwa banki. Duk wanda ya ga wuyar da aka sha a farkon 2023, sa'ad da aka sake takardun naira tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, ya san abin da ke aukuwa in hanya ta cushe. An cire kuɗi daga ajiyar mai saye, ba su shiga ta mai sayarwa ba, ga tumatir zube a rana, shi kuwa ba ya jiran kowa.

To, asalin wannan matsala shi ne littafin lissafin ba guda ɗaya ba ne. Kowane banki da nasa, kowanne kuma an rarraba shi cikin kwamfutoci da yawa a wurare dabam-dabam. Malamai sun san in hannu goma suka kwafi littafi ɗaya, sai an yi muƙabala kafin a amince da shi. Ina ga littafin da ake sake rubutu cikinsa sau dubbai kafin a ƙifta ido? Cikin waɗanda suka ƙare ransu kan wannan mas'ala, ba a ambaton kowa kafin a ambaci Jim Gray.

An haife shi a San Faransisko ta ƙasar Amurka a 1944, ya sami digirinsa na dakta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakale a 1969. Ya yi aiki a kamfanin IBM, daga nan ya koma Tandem a 1980, kāna ya shiga Microsoft a 1995. Abin da ya fitar da sunansa shi ne tsayar da ƙa'idar da ke cewa ciniki ba ya rabuwa biyu. Cire kuɗi daga nan da zuba su can aiki ɗaya ne, ko dai a yi su duka, ko kuwa a bar su duka kamar ba a taɓa farawa ba. Don wannan ya yiwu, na'ura sai ta fara rubuta abin da ta yi niyyar yi cikin wani kundi na musamman tukun ta taɓa lissafi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da ta farfaɗo sai ta duba kundin, ta ƙarasa abin da aka riga aka ƙulla, ta warware wanda ba a ƙulla ba.

In kuwa lissafin yana wurare biyu, sai a bi wata hanya mai mataki biyu, wadda ya bayyana cikin rubutunsa na 1978. 'Yan kasuwa ba su bukatar dogon bayani a nan, don aikin dillali ne sak. Dillali ya tambayi mai kaya ko ya sallama, ya juya ya tambayi mai saye ko ya saya. In ɗayansu ya ce albarka, ciniki ya watse, kowa ya riƙe nasa. In duka biyu suka amsa, to, ba mai ikon janyewa kuma, sai dillali ya sanar ciniki ya faɗa. Shi Gray da kansa, cikin wata takarda tasa ta 1981, da ɗaurin aure ya kwatanta abin, inda ba a ɗaurawa sai an ji amsar ɓangarori biyu.

Amma fa hanyar tana da aibi guda, shi ma bai ɓoye ba. In dillali ya ɓace bayan kowa ya amsa, kafin ya faɗi hukunci, mai kaya ba shi da damar sayar wa wani, mai kuɗi kuma ba shi da damar tafiya da kuɗinsa. Sai a yi cirko-cirko. Don maganin wannan, Gray da wani masani mai suna Leslie Lamport suka fitar da wata dabara, aka buga ta a 2006, watau a sa dillalai da yawa maimakon ɗaya, a bi abin da mafi rinjayensu suka shaida. Hikimar ita ce in dillalai biyar ne, kowane uku da aka tara a yau da kowane uku da za a tara gobe, lalle a sami mutum ɗaya da ke cikin duka biyun. Saboda haka ko biyu sun ɓace, hukuncin da aka yanke ba ya ɓacewa.

Har wa yau, a 1985 ya bi diddigin abin da ke sa kwamfutoci tsayawa. Sai ya tarar lalacewar ƙarfen na'urar bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Mafi yawa daga kuskuren masu kula da ita ne, sa'an nan kuskuren umarnin da aka rubuta mata. A 1998 aka ba shi lambar Turing, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. Ran 28 ga Janairu, 2007, ya fita teku shi kaɗai cikin jirginsa na ruwa daga San Faransisko, ba a sake ganinsa ba. Dubban mutane suka yi ta duba hotunan tauraron ɗan'adam ko za a hango shi, ba a dace ba. A 2012 kotu ta yanke hukuncin ya rasu.

Abin da mai ciniki zai ƙaru da shi a nan ba kaɗan ba ne. Tsakanin banki da banki saƙo yakan ɓace a hanya, kuɗin kuwa ba su ɓata ba, suna rataye ne har littattafan biyu su yi muƙabala. Shi ya sa a 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su warware cinikin POS da ya maƙale cikin awa 72. Saboda haka mai saye kada ya yi gaggawar biya sau biyu, ya adana rasiɗinsa mai ɗauke da lambar cinikin, don ita ce shaidarsa. Mai sayarwa kuma kada ya ɗora buhu a mota don an nuna masa saƙo a wayar wani, gama wannan amsar ɓangare ɗaya ce kurum. Ya duba nasa lissafin tukuna, in ya ga kuɗi sun zauna, sa'an nan ya sallama. Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa mai albarka, amin.