Kuɗin zama a zaure: Abin da kasuwar Mubi ke koya wa masu neman albashi na biyu a waya

A ranar cin kasuwar shanu ta Mubi, tun kafin ƙura ta turnuƙe, dillali kan zaro wayarsa ya zagaya bijimi yana ɗaukarsa bidiyo: ƙaho, tozo, haƙora, kofato. Kafin ya mayar da wayar aljihu, hoton ya isa hannun falke a Legas ko Fatakwal, har an fara tayi. Idan ciniki ya faɗa, kuɗi su shigo ta asusu, a yi wa sa shaida, a jira tirela. Mai saye bai taka Mubi ba, bai shafa bayan dabbar ba. Ya dogara ne da idon dillali, kuma a kan wannan dogaro ake biyan la'ada.

A cikin wayar nan kuma wata sabuwar sana'a ta samu gindin zama, wato zauren biya. Mutum ya buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, ya rufe ƙofa, ya ce ba mai shiga sai ya biya, ba kuma mai ci gaba da zama sai ya sabunta a ƙarshen wata. Lissafin yana da jan hankali, musamman ga mai jiran albashi. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Mambobi 70 masu biyan Naira 1,000 a wata sun kawo daidai wannan adadi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me zai sa mutum saba'in ɗin su sake biya a wata na biyu, da na uku, da na goma? Kasuwar Mubi ta daɗe da sanin amsar.

Garin da labari ke da farashi

Mubi na kimanin kilomita 200 arewa da Yola, a gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Ta taɓa zama ƙarƙashin Jamus, sannan ƙarƙashin riƙon amanar Birtaniya, sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta shigo Najeriya, ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Iyaka ta sauya wuri, fatauci bai sauya hanya ba. Har yau shanu na gangarowa daga Chadi da Kamaru, hatsi da kayan masarufi na ƙetarawa ta hanyar Sahuda, 'yan canji kuma na auna Naira da Sefa daga safe zuwa yamma.

A irin wannan gari, wanda ya riga kowa jin labari ya riga kowa cin riba. Nawa Sefa ta kwana? Tirela nawa suka yi lodi? An buɗe hanya ko an rufe? Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da faɗuwar darajar Naira bayan sakin farashinta a Yunin 2023, sun nuna wa 'yan kasuwar yadda labarin safe kan zama tsohon zance kafin la'asar. Kafin nan, a ƙarshen Oktoban 2014, Boko Haram ta ƙwace garin na kusan mako biyu, jama'a suka watsu zuwa Yola da Kamaru da wasu wurare. Masu bashi da waɗanda ake bi, da abokan ciniki na shekaru, lambar waya ce ta rage a tsakaninsu.

Tsarin sayar da amana ya girmi waya nesa ba kusa ba. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan a shekarun 1960, ya bayyana yadda maigida ke saukar da fataken shanu, ya haɗa su da mahauta, ya kuma tsaya a matsayin lamuni idan an ɗauki dabba bashi. Jarinsa shi ne sanin wanda ke biya da wanda ke gudu. Ranar da ya yaudari falke ɗaya, labari ya riga shi isa Arewa.

Masu tsaron ƙofa iri uku

Zaurukan biya da suka fi yawo a wayoyin Arewa, har da na Mubi, sun kasu kusan gida uku.

Na farko na marubutan littattafan Hausa ne. Adabin da ya bunƙasa a kasuwar Kano tun shekarun 1980 ya yi ƙaura zuwa waya, akasari a hannun mata. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, sai ta sanar da lambar asusu: a tura kuɗi, a tura shaidar biya, a shiga zaure. Babbar matsalarta ita ce fitar da littafi. Mamba ɗaya ya kwafe shafi ya tura wa ƙawaye, kafin dare ya zagaye zaurukan kyauta. Shi ya sa ake yawan ganin gargaɗi da Allah ya isa a saman shafukan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare aikin da aka wallafa a intanet, sai dai marubuciyar da ke sayar da littafi a kan 'yan ɗaruruwa ba ta da kuɗin ɗaukar lauya. Ga shi kuma biyan na littafi ɗaya ne. Idan labari ya ƙare, sai ta sake farauto masu karatu daga tushe.

Na biyu na koyarwa ne: shirin jarrabawar JAMB, Turanci, ɗinki, girke-girke, haɗa turare, gyaran waya. Mubi gari ne na ɗalibai, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979 da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, don haka akwai masu koyo, akwai masu koyarwa. Irin wannan zaure yana da kaka da rani. Ya cika kafin jarrabawa, ya watse bayanta, domin ɗalibin da ya iya ya gama da malami.

Na uku shi ne na masu sayar da hasashe: wace ƙungiyar ƙwallo za ta ci, wane kuɗin kirifto zai tashi. Su ne suka fi kowa iya karɓar kuɗin wata, su ne kuma suka fi barin mutane da kuka.

Idan aka jera ukun kusa da dillalin kara, abu ɗaya zai fito fili. Kuɗin wata-wata ya dace ne da hajar da ke tsufa da wuri, wadda mai saye zai sake buƙatarta gobe, kuma zai iya gane gaskiyarta da kansa. Littafi ana karanta shi sau ɗaya. Darasi yana da ranar sauka. Farashin masara da na Sefa kuwa kullum sabo ne, kuma mai ƙarya a kansa asirinsa ba ya kwana.

Lissafin ƙarshen wata

A ɗauki misali, zaure mai mambobi 300, kowa na biyan Naira 1,000. A takarda Naira 300,000 ke nan duk wata. To, a ce mutum ɗaya cikin goma ba ya sabuntawa. Idan ba a samu sababbi ba, bayan wata shida saura kimanin 160, kuɗin shiga ya kusa rabewa biyu. Kafin mai zaure ya tsaya inda yake ma, sai ya nemo mutum 30 duk wata. Wannan yoyon shi ne abin da masu tallar sana'ar ba sa faɗa.

Sai ɗawainiya. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, data ta yi tsada ga mai zaure da mambobinsa baki ɗaya. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, cajin waya ma kuɗi ne. Akwai kuma aikin da ba a gani: duba shaidar biya ɗaya bayan ɗaya, gano ta jabu, tunatar da wanda kwanansa ya ƙare, raba faɗa, da cire mai tallar kayansa.

Mafi nauyi shi ne cire wanda bai biya ba. A gari irin Mubi, mamban da ya makara na iya zama ɗan unguwa, ko suruki, ko wanda ake haɗa sahu da shi a masallaci ko coci. Uwar adashi ta san wannan kunyar tun da daɗewa, shi ya sa take kafa sharaɗi tun ranar zubin farko. Zauren da bai rubuta ƙa'idarsa ba tun farko, kunya ce ke cinye ribarsa.

Manhajojin sun fara sauƙaƙa karɓar kuɗin. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000. A Agustan 2024 Telegram ta bai wa masu tashoshi damar karɓar kuɗin wata ta hanyar taurarinta na cikin manhaja, a Yunin 2025 kuma WhatsApp ta sanar da shirin biyan wata ga tashoshi. Amma sayen taurari ta shagunan Apple da Google na tafiya da kason da kan kai kashi 30 cikin 100, kuma daga 2022 zuwa tsakiyar 2025 yawancin katunan Naira ba sa aiki a cinikin ƙetare. Saboda haka hanyar da ta zauna a Arewa ita ce ta hannu: OPay, Moniepoint, PalmPay ko banki, sai hoton rasit. Tana da arha, amma babu mai shiga tsakani. Idan mai zaure ya kulle wayarsa, mamba ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Inda ramin yake

A Afrilun 2025 dandalin CBEX ya rushe da kuɗin dubban 'yan Najeriya, bayan ya yi alkawarin ninka jari cikin wata guda, yana kuma tattara mabiyansa a zaurukan Telegram. Hukumar EFCC ta shiga bincike. Ba shi ne na farko ba. Masu dogon tunani ba su manta da MMM da ta daskarar da asusu a Disambar 2016 ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan harka ta a ci da kuɗin sabon shiga. Ba da shawarar zuba jari a matsayin sana'a kuma yana buƙatar rajista da hukumar SEC. Alamomin zauren da ya kamata a guje wa ba ɓoyayyu ba ne: alkawarin riba tabbatacciya, lada ga wanda ya kawo sabon mamba, goge hasashen da bai ci ba, da korar duk mai tambaya.

Ma'aikaci da layin da doka ta ja

Ga ma'aikacin tarayya da ke tunanin buɗe zaure bayan tashi daga ofis, akwai shingen da ɗan kasuwar Mubi ba shi da shi. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati mai aikin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Zauren da ke da farashi da asusu da mambobi masu sabuntawa yana da dukkan kamannin kasuwanci, kuma Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke da hurumin bin sawu. Sanya sunan mata ko ƙane a kan asusun bai wanke mai shi ba, domin jadawalin ya ɗauki abin da wakili ya yi a madadin jami'i tamkar jami'in ne ya yi.

Haɗarin ya fi girma ga hadimai da masu zama kusa da fayil. Hajar da ta fi saurin tsufa a Abuja ita ce labarin ofis: gurbin aikin da ba a tallata ba, kwangilar da ke tafe, jerin sunayen ƙarin girma. Da yawa za su biya don su ji. Amma labarin dillali na kasuwa ne, ya same shi da ƙafarsa a fili. Labarin fayil amanar ofis ce, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da ƙa'idojin aikin gwamnati kuma sun hana fitar da shi. Hoton allo ɗaya daga mamban da ya fusata ya isa ya zama takardar tuhuma.

Ko ga wanda doka ba ta ɗaure ba, akwai wajibai biyu. Lambobin mambobi bayanan sirri ne da dokar kare bayanai ta 2023 ta tsare, ba a sayar da su ga masu talla. Sannan kuɗin zaure kuɗin shiga ne. Dokar haraji da aka sanya wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikinta, ta yafe Naira 800,000 na farko a shekara. Zauren misalin nan mai mambobi 300 zai wuce wannan iyaka kafin wata na uku ya ƙare.

Da yamma, idan tireloli suka kama hanyar Hong da Gombi zuwa Kudu, dillali kan zauna ya lissafa la'adarsa. Bai ɗaure kowa da yarjejeniya ba, babu manhajar da ke cire masa kuɗi daga asusun falke. Abin da yake da shi kawai shi ne, idan bijimin ya sauka a Legas, za a same shi yadda aka gan shi a bidiyo. In haka ta faru, wayarsa za ta sake ƙara a mako mai zuwa. Mai zauren biya ma hukuncin da ke jiransa ke nan a kowane ƙarshen wata, domin kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.