Fasalin Ƙididdiga: Daga Dafin Maganin Ƙwari Zuwa Kekunan Haya a Jami'a

Abin da masana ke nufi da fasalin ƙididdiga shi ne ƙa'idar lissafi da ake ginawa a kan alƙaluman da aka tattara, domin a bayyana dangantakar da ke tsakanin sanadi da sakamako, a kuma yi hasashen abin da ba a riga an auna ba. Za mu duba yadda ake amfani da shi a fagage biyu da a zahiri babu abin da ya haɗa su, wato auna ƙarfin dafin maganin ƙwari, da kirdadon yawan kekunan da ɗalibai za su buƙata a harabar jami'a.

Auna Dafin Maganin Ƙwari

Idan aka fesa wa ƙwari ɗari magani iri ɗaya, ba duka suke mutuwa ba. Wasu ɗan kaɗan ya ishe su, wasu kuwa sai an ninka musu sau da yawa. Saboda haka tambayar "nawa ne yake kisa?" ba ta da amsa guda. Wannan ne ya sa masanin magunguna na Ingila, J. W. Trevan, ya fito da ma'aunin da ake kira LD50 a shekarar 1927, wato adadin maganin da zai kashe rabin halittun da aka gwada a kansu. Ya zaɓi rabi ne domin a tsakiya kirdado ya fi tsayawa daram. A gefe-gefe kuwa, ƙwaro ɗaya mai taurin rai yana iya karkatar da lissafin baki ɗaya.

Yadda ake gwajin shi ne a kasa ƙwarin rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni adadi dabam, galibi kowane adadi ninkin na bayansa, sannan a ƙirga matattu bayan wani lokaci ƙayyadadde. Akwai kuma rukunin da ba a ba shi komai, domin ko ba magani wasu ƙwarin za su mutu. A 1925 W. S. Abbott ya bayar da hanyar cire wannan mutuwa daga lissafi. Alal misali, a ce kashi 60 cikin ɗari sun mutu a rukunin da aka fesa, kashi 20 kuma a wanda ba a fesa ba. Sai a ɗebe 20 daga 60, a sami 40. A ɗebe 20 daga 100, a sami 80. A raba 40 da 80. Aikin maganin ke nan kashi 50 ne, ba 60 ba.

Da an zana sakamakon a takarda, layin ba ya miƙewa. Yakan fara a kwance, ya miƙe tsaye a tsakiya, ya sake kwantawa a sama. Wanda ya warware wannan matsala shi ne Chester Bliss, masanin ƙwari ɗan Amurka, a maƙalarsa ta 1934. Ya ɗauka cewa juriyar ƙwari, idan aka auna magani da ninki maimakon ƙari, tana rarrabuwa kamar tsawon mutane: akasari suna tsakiya, kaɗan a kowane gefe. Bisa haka ya mayar da kowane kaso zuwa wata lamba da ya kira furobit. Kashi 50 ya zama 5, kusan kashi 16 ya zama 4, kusan kashi 84 ya zama 6. Da wannan sauyi lanƙwasasshen layi ya miƙe, har ana iya karanta LD50 a inda ya ratsa lamba 5. D. J. Finney ne ya tattara hanyar a littafi a 1947.

A nan ya kamata ɗalibi ya tsaya ya lura, domin jama'a sukan riƙe LD50 su manta da gangaren layin. Magunguna biyu suna iya samun LD50 ɗaya, amma layin ɗaya ya miƙe tsaye, na ɗayan ya kishingiɗa. Mai kishingiɗen yana taɓa wasu halittu tun a ɗan ƙaramin adadi, kuma yana barin wasu da rai ko an zuba da yawa. Waɗannan da suka tsira su ne ke hayayyafa, har a wayi gari manomi yana cewa magani ya daina ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana dogaro da LD50 na ɓera wajen kasa magungunan ƙwari aji-aji. Wanda LD50 ɗinsa ta baki bai kai miligiram 5 a kowane kilogiram na nauyin jiki ba, yana ajin Ia, mafi haɗari. Daga 5 zuwa 50 kuma ajin Ib. Wato ƙanƙantar lamba alama ce ta tsananin dafi. Sinadarin dikulobos, wanda ke cikin abin da ake sayarwa da sunan ota-fiya-fiya, a ajin Ib yake, kuma saboda ragowarsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma ma'aunin na mutuwar gaggawa ne kawai. Ba ya cewa komai game da wanda ya shekara goma yana feshi ba safar hannu ba takunkumi.

Kirdadon Buƙatar Kekuna

Tsarin kekunan haya shi ne a ajiye kekuna a tashoshi, mutum ya ɗauka a wata ya mayar a wata. Jami'ar Portsmouth ta Ingila ta gwada irinsa da katin lantarki tun 1996. Matsalar masu kula da shi ita ce sanin keke nawa za a ɗauka a kowace tasha cikin kowace sa'a. A nan abin da ake ƙirgawa ba kaso ba ne, adadi ne: sifiri, ɗaya, biyu, har sama. Ƙa'idar da ta dace da irin wannan ƙirge ita ce wadda Bafaranshe Siméon Poisson ya wallafa a 1837. Ana haɗa ta da abubuwan da ke motsa buƙata, kamar sa'ar yini, ranar mako, zafi, ruwan sama da hutun zango. Alƙaluman tsarin Capital Bikeshare na birnin Washinton na 2011 da 2012 sun zama abin koyar da wannan darasi a jami'o'i da dama.

Ƙa'idar Poisson tana ɗauka cewa kowane mai haya gaban kansa yake ci. A jami'a kuwa ba haka abin yake ba: lacca ɗaya ta tashi, ɗalibai su yi dafifi a tasha guda cikin minti goma. Don haka alƙaluman kan warwatsu fiye da yadda ƙa'idar ta yi zato, dole a sassauta ta. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan tashar ɗakin kwana ta ƙare da ƙarfe takwas na safe, kwamfuta za ta rubuta sifiri a sa'ar da ke biye, alhali ɗalibai sun zo sun juya da ƙafa. Wanda ya gina fasalinsa a kan wannan sifiri zai rage wa tashar kekuna, ita da ta fi kowace buƙata. Gyaran da ake yi a nan ɗan'uwan na Abbott ne, domin a duka biyun abin da aka ƙirga ya saɓa wa abin da ake son sani.

Dangantakar fagagen biyu ba a kamanni ta tsaya ba. A 1972 John Nelder da Robert Wedderburn, ma'aikatan cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, sun nuna cewa furobit da fasalin Poisson 'yan gida ɗaya ne. Kowannensu yana sauya sakamako zuwa wani ma'auni da zai sa layi ya miƙe, furobit ga kason matattu, ma'aunin ninki ga adadin kekuna, kuma hanyar lissafi guda ce take warware su a kwamfuta.