Yadda ake zaɓen shokabzoba ga motar da aka ɗaga domin hanyoyin Jibia

Daga Katsina zuwa Maradi ta Jibia, Magama da Ɗan Isa tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma kwalta ce. Amma da zarar mota ta sauka daga babban titi ta nufi ƙauyukan kan iyaka, labari ya sauya: burji mai gargada, rairayi, kwazazzabai, da ramukan da damina ke bari. Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser, da direbobin haya masu lodin hatsi, ke ɗaga motocinsu don kada cikinsu ya riƙa gugar ƙasa.

Matsalar ita ce da yawa suna ɗaga motar su bar tsohuwar shokabzoba, ko su sayi wadda ta fi kauri da ƙyalli a hoton da aka turo musu ta WhatsApp. Sakamakon shi ne mota mai tsalle, mai lilo a kwana, wadda birki ba ya kama ta da wuri. A yankin da matsalar tsaro ta sa ba mai son mota ta tsaya masa a daji bayan la'asar, wannan ya wuce maganar jin daɗin zama. Abubuwa uku ake dubawa kafin a saya: tsawo, nauyin kaya, da irin hanya.

Mene ne ainihin aikinta?

Mutane da yawa sun ɗauka shokabzoba ce ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka ba ne. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, ko mai ganye ko mai murɗiya da makanikai ke kira kwayil. Idan taya ta faɗa rami, sifirin ya matse, sai ya dawo da ƙarfi, kuma zai ci gaba da lilo idan babu abin da ya tsayar da shi. Shokabzoba ce ke kashe wannan lilon.

A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, fistin yana tilasta wa man ya bi ta waɗannan ƙofofi, sai ƙarfin girgizar ya koma zafi. Da haka taya ke zama manne da ƙasa. Tayar da ke tsalle a iska ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Saboda haka sabuwar shokabzoba ba za ta miƙar da motar da sifirinta ya kwanta ba. Idan bayan mota ya zauna, sifirin za a fara dubawa.

Da farko, wace irin ɗagawa aka yi?

Akwai ɗagawar bodi, inda ake sa ƙarafa ko robobi tsakanin bodi da shasi. A nan ƙafafun mota ba su sauya ba, don haka shokabzoba mai tsawon kamfani ta wadatar.

Akwai kuma ɗagawar ƙafa: a sa dogon kwayil, a ƙara ganyen sifirin a baya, a tsawaita shakul, ko a sa zobe a kan kwayil ɗin gaba. Wannan ce ke ƙara tazara tsakanin wuraren da ake ɗaura shokabzoba sama da ƙasa, kuma ita ce ke buƙatar lissafi.

Motocin ma sun bambanta. Hilux tun daga ƙirar 2005 kowace tayar gaba tana motsi da kanta, da kwayil a jikin shokabzoba, bayanta kuma sifirin mai ganye ne. Irin wannan gaba ba ya son a wuce kimanin inci 2, wato santimita 5. Idan aka zarce, kan shaf da boljoyin suna aiki a karkace, su mutu da wuri, sai an sauya wasu kayan tare. Land Cruiser 79, wadda ta yi suna a hanyoyin Nijar, tana da aksil guda gaba da baya, don haka ta fi karɓar ɗagawa, amma ita ma ba ta tsira daga awo ba.

Tsawo: tef ya fi ido gaskiya

Kowace shokabzoba tana da tsawo biyu: idan ta miƙe gaba ɗaya, da idan ta matse gaba ɗaya. Kamfanoni suna rubuta duka biyun a kundin kayansu na intanet.

Idan ta yi gajarta, tana nan kusan a miƙe ko da mota na tsaye. Taya na faɗawa rami sai ta kai ƙarshe da duka, a ji ƙwas daga ƙasa. A hankali robobin ɗauri su yage, ko kunnen da aka ɗaura ta ya tsage.

Idan ta yi tsawo, matsalar ta koma ɗaya ɓangaren. Mota na dira da kaya, shokabzoba ce za ta matse har ƙarshe kafin aksil ya taɓa robar da kamfani ya sa don tare shi. Duk nauyin sai ya sauka a kanta, sandarta ta lanƙwashe ko bawul ya fashe. Haka kuma idan taya ta sauka fiye da kima, tiyon birki da wayar ABS na iya tsinkewa, ko kwayil ya fita daga mazauninsa.

Ga yadda ake awon baya a gareji:

1. A cire tsohuwar shokabzoba, mota na tsaye a daidaitaccen wuri, a auna daga tsakiyar ramin ɗauri na sama zuwa na ƙasa.
2. A ɗaga shasi da jak har tayoyi su rataye, a sa abin tokare mai ƙarfi, a sake aunawa. A duba ko tiyon birki ya ɗaure.
3. A sauke motar, a auna tazarar da ta rage tsakanin aksil da robar tarewa, a ƙara kaurin da robar ke matsewa, sannan a cire jimlar daga awon farko.

Misali, idan awo na biyu ya ba da santimita 62, na uku ya ba da 39, ana neman wadda ke miƙewa kusan 62, take matsewa zuwa 37 ko 38, don robar tarewa ta riga ta karɓar duka. Idan wadda aka samu ta fi haka tsawo a matse, sai a sa robar tarewa mai tsayi. Kada wani ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Zafi: abin da ke kashe ta a gargada

Rami ɗaya babba ba ya gajiyar da shokabzoba kamar doguwar gargada. A irin wannan hanya fistin yana hawa da sauka sau da yawa a kowace daƙiƙa ba hutu, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura maki 40 a yankin Katsina da Maradi. Man yana tsinkewa, ya yi kumfa, ƙarfin riƙewa ya ragu. Direba zai ji motar da ta fito lafiya da safe ta koma kamar kwale-kwale bayan rabin awa. Yadda kowace ƙira ke fama da zafi shi ne babban bambancinsu.

Mai bututu biyu. Ita ce aka fi sani, kamar KYB Excel-G da Nitrocharger na Old Man Emu. Tana da sauƙin kuɗi, tana da laushi, kuma idan dutse ya lotsa bututun waje tana ci gaba da aiki. Rauninta shi ne zafi yana jinkirin fita. Waɗanda aka yi musamman don daji suna da kauri da mai da yawa don rage wannan matsala. Kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 sun ƙware a nan, saboda ƙasarsu na da dogayen hanyoyin burji masu gargada da zafi irin na Sahel.

Mai bututu ɗaya. A cikinta akwai wani fistin na biyu da ya raba mai da iskar naitirojin mai matsi, don haka man ba ya kumfa, zafi kuma yana fita kai tsaye. Wani injiniya Bafaranshe, Christian Bourcier de Carbon, ya ƙirƙiro wannan tsari, kamfanin Bilstein na Jamus ya fara sa shi a motocin Mercedes a 1957. Bilstein 5100, wadda aka yi don motocin da aka ɗaga, da KYB Gas-a-Just suna cikin wannan rukuni. Ta fi tsada, ta fi tauri kaɗan, kuma idan dutse ya lotsa jikinta fistin na iya maƙalewa.

Mai tanki a gefe. Irin su Fox da King ke nan, masu ƙarin gwangwanin mai da aka haɗa da tiyo. Sun fi kowa jure zafi, ana kuma iya kwance su a gyara. Sai dai gyaran yana buƙatar naitirojin da kayan aiki na musamman. Wanda ba shi da mai yi masa wannan a kusa, ya sayi abin da zai zame masa kayan ado.

Nauyin kaya

Bawul ɗin shokabzoba ana saita shi ne daidai da ƙarfin sifirin. Motar da aka ƙara wa ganye don lodin buhunan gero da wake tana buƙatar mai ƙarfin riƙewa, in ba haka ba bayanta zai riƙa harbawa sama bayan kowane tudu. Motar da galibi mutum biyu take ɗauka kuma, idan aka sa mata ta manyan kaya, za ta yi tauri kamar amalanke. Shi ya sa kamfanoni ke sayar da sifirin da shokabzoba a haɗe, da bayanin nauyin da aka yi su dominsa.

Ɗagawa ba ta ƙara yawan kayan da mota za ta iya ɗauka. Hilux dai kusan tan ɗaya ce iyakarta, har da mutanen ciki. Kuma duk incin da aka ƙara yana ɗaga tsakiyar nauyin mota, ya sa ta fi saurin kifewa a kwana, musamman idan an yi lodi mai tsayi.

Inda waya ke taimakawa

Ko a Katsina za a saya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a Maradi, kasuwa cike take da sabo, da na Beljiyam, da jabu mai kwali mai kyau. Kafin a biya:

A ɗauki hoton lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, da ita ake gane ainihin ƙirar motar.

A nemi mai kaya ya turo hoton lambar da ke jikin ƙarfen shokabzobar, ba ta kwali kaɗai ba. A bincika ta a shafin kamfanin, a ga ko tsawonta biyu ya dace da awon da aka yi.

A kwatanta bakin ɗauri na sama da na ƙasa, domin wata zobe ce, wata sanda mai noti.

Idan ta Beljiyam ce, a tsayar da ita a matsa da hannu. Mai lafiya tana turjiya daga farko har ƙarshe ba tare da wani wuri da ta zurma ba. Tsatsa ko ƙarzuwa a sandar alama ce sil ya kusa mutuwa. Araha ba ta ado.

Bayan an ɗaura, a sa wani ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya yayin da motar ke haye tudun rage gudu. Ta hau, ta sauka, ta nutsu, haka ake so. Idan ta yi lilo sau biyu ko uku, riƙon bai isa ba.

Wajen ɗaurawa da bayansa

Ana sauya su bibbiyu, hagu da dama tare. Notin da ke kan roba ana ƙarasa ɗaure shi ne bayan an sauke mota a kan tayoyinta, don kada robar ta murɗe ta yage. Kada a yar da rigar ƙura da ke rufe sandar, domin ƙurar hunturu da yashi su ke cinye sil. Daga nan sai alaimen, sannan a gyara saitin fitilun gaba, tunda tsayin motar ya sauya.

Bayan doguwar tafiya a burji, a kai hannu kusa da kowace a hankali. Mai aiki za ta yi zafi, wadda ta yi sanyi ita kaɗai ta daina aiki. Ɗan danshin mai a jiki ba komai ba ne, amma mai da ke gangarowa, ko taya mai cinyewa tudu-tudu, alama ce lokacin sauyi ya yi.

Ga mafi yawan masu zirga-zirga tsakanin Jibia da ƙauyukanta, ɗagawar inci 2 tare da shokabzoba mai kauri daga sanannen kamfani, wadda tsawonta ya dace da awo kuma ƙarfinta ya dace da lodi, ta isa. Kuɗin da ya rage gara a sa shi a tayoyi masu kyau da birki.