GIGIN TSUFA IN YA YI TSANANI: ME YA RAGE GA MASU JIYYA?

Sau da yawa akan ji an ce tsohuwa wance ta ruɗe, a ɗauka halin tsufa ne kawai. A wasu garuruwan ma har maita ake laƙaba wa irin waɗannan bayin Allah. Alhali kuwa gigin tsufa ciwo ne mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ya bayyana nau'insa da ya fi yawa a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da gigin sun haura miliyan 55.

To, yaushe ake cewa ciwon ya yi tsanani? Likitoci suna da wata jarrabawa mai maki 30 da aka fito da ita a 1975, inda ake tambayar majiyyaci kwanan wata, da inda yake, da ɗan lissafi. Wanda ya kasa kai maki 10 akan sa shi a sahun masu tsanani. A gida kuwa alamun ba sa ɓuya: ba ya shaida 'ya'yansa, magana ta koma 'yan kalmomi, fitsari da bayan gida sun fi ƙarfinsa, tafiya ta gagara, daga bisani haɗiya ma ta zama aiki.

Idan aka kai nan, babu maganin da zai komo da abin da ya tafi. Abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa masa wahala. Yakan ƙware, abinci ya faɗa huhu ya haddasa namoniya, wadda takan zama ajalin da yawa daga cikinsu. Saboda haka a tashe shi zaune, a ba shi kunu mai kauri ko fate, cokali-cokali, ba gaggawa. Bincike bai nuna cewa zura robar abinci yana ƙara wa irinsa kwana ba. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu gudun gyambon kwanciya. Tun da yake ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, sai a lura da yamutsa fuska, da nishi, da ture hannu, a sanar da likita.

Kada a ɗaure shi, kada a yi masa tsawa. Ko ya manta sunanka, yana jin taushin hannunka da sanyin muryarka. Kada kuma a bar wa mace ɗaya wannan ɗawainiya dare da rana. Dangi su raba kwana, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.