Bajintocin Gasar Cin Kofin Duniya ta Kurket ta 2019

Gasar Cin Kofin Duniya ta Kurket ta 2019 ita ce karo na 12, an buga ta a Ingila da Wales daga 30 ga Mayu zuwa 14 ga Yuli. Ƙasashe 10 ne suka fafata.

Bajintar ƙasashe

Ingila ce ta tara maki mafi yawa a wasa guda, 397, a karawarta da Afganistan. A wasan ƙarshe a filin Lord's na Landan, Ingila da Niyu Zilan sun yi kunnen doki da maki 241 kowacce, suka sake yin 15 da 15 a ƙarin jifa shida na raba gardama. Ingila ta ɗauki kofin, karonta na farko, saboda ta fi buga ƙwallon da ya kai iyakar fili, 26 da 17. Wannan doka ta jawo ce-ce-ku-ce, hukumar ICC ta soke ta a Oktoban 2019.

Bajintar 'yan wasa

Rohit Sharma na Indiya ya fi kowa maki, 648, ya kuma zama na farko da ya kai maki 100 sau biyar a gasa ɗaya. Mitchell Starc na Ostireliya ya fitar da masu bugu 27, ya zarce 26 da Glenn McGrath ya yi a 2007. Duk da haka, ƙasashensu sun faɗi a wasan kusa da na ƙarshe. Kane Williamson na Niyu Zilan ne gwarzon gasar.