Kalmomin Da Fatake Ke Bukata A Gidan Burodin Italiya

'Yan kasuwar da ke zuwa ƙasar Italiya domin cinikin fata ko sarin takalma, walau a birnin Milan ko a garuruwan majema irin su Arzignano da Santa Croce sull'Arno, sukan tarar da cewa abincin rana mafi sauƙin kuɗi yana gidan burodi ne, watau abin da mutanen ƙasar ke kira "forno" ko "panetteria". Sai dai kuma ba kowane mai sayarwa ne yake jin Ingilishi ba.

Abu na farko shi ne gaisuwa, domin wanda ya shiga bai ce "buongiorno" ba akan ɗauke shi marar ladabi. Daga nan sai ya ce "vorrei", ma'ana ina so, ya nuna abin da yake bukata, ya ƙara da "da portare via", watau zai tafi da shi ne.

Galibi da awo ake sayar da burodi da yankakkiyar fiza. Giram 100 shi ne "un etto", giram 200 kuma "due etti". Mai sayarwa yakan aza wuƙa bisa farantin ya ce "così?", yana nufin haka ya yi? Idan ya yi yawa sai a ce "di meno", idan ya yi kaɗan "di più". Wanda ya gyaɗa kai kawai zai biya kuɗin abin da sikeli ya nuna. In an ce "altro?", ana tambayar ko da ƙari, amsar ita ce "basta così".

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci ga Musulmi ita ce "strutto", watau kitsen alade. Ana kwaɓa fulawa da shi a wasu nau'o'in burodi, kamar "piadina" ta yankin Romanya, kuma ido ba ya ganinsa. Don haka cewa "senza maiale", ban da naman alade, ba ta wadatar ba, tunda mai sayarwa zai duba abin da ke bisa burodin ne kurum. Tambayar da ta dace ita ce "c'è strutto?", kuma farkonta daidai yake da "ce" ta Hausa.

Wanda ya je yankin Toskana zai iske burodinsu na gargajiya lami ne, ba gishiri, amma fulawa da ruwa da yisti kaɗai ke cikinsa.